Yaushe aka fara gasar duniya ta ƙwallon gora a kan ƙanƙara?

Malam, ka tambaya ko gasar duniya da ta Olamfik abu ɗaya ne a wannan wasa, kuma wace ce ta riga wata. Tambayar tana da tushe, domin da farko a haɗe suke.

An kafa hukumar wasan ta duniya, wato IIHF, a birnin Faris a 1908. Wasan ya shiga Olamfik a 1920 a birnin Antwerp na Beljiyam, inda Kanada ta ɗauki zinare, sannan aka fara gasar duniya mai zaman kanta a 1930. Sai dai har zuwa 1968, duk shekarar da aka yi Olamfik, wanda ya ci shi ne zakaran duniya, kuma nan ne mutane da yawa suke ruɗewa wajen lissafin kofuna.

A ganina, babban sauyi ya zo ne a 1954, lokacin da Tarayyar Sobiyet ta shiga gasar karon farko a Stockholm, ta kuma lallasa Kanada da ci 7 da 2. Hamayyar ta kai ƙololuwa a 1972, da aka buga wasanni takwas na musamman tsakaninsu, ba a cikin gasar duniya ba, Kanada ta ci huɗu, Sobiyet uku, aka yi kunnen doki a ɗaya.

Ka kula kada ka auna ƙarfin ƙasa da gasar duniya kaɗai, domin ana yin ta ne a watan Mayu, lokacin da manyan 'yan wasan NHL, wato babbar gasar ƙungiyoyin Amurka da Kanada, da dama suke fafutukar kofin Stanley na wannan gasa. Idan rubutu kake yi, ka tabbatar da alƙalumanka daga kundin tarihin IIHF.