Gini Ya Tsaya a Linta, Kuɗi Sun Ƙare

Tambaya: Assalamu alaikum. Na fara gina gida mai ɗaki uku a Rijiyar Zaki, Kano. Birkila ya ce wata shida zai gama. Yanzu wata goma sha huɗu ke nan, gini na tsaye a linta, kuɗin da na tanada sun ƙare. Kullum maganarsa siminti ya tashi. Anya ba cutata yake yi ba? — Wani mai karatu daga Kano

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ba zan rantse maka cewa ba a cuce ka ba. Sai dai a shekarun da na yi ina kula da gini, abin da na ga ya fi cinye kuɗin mutane shi ne maganar baka da ba a rubuta ba.

Tashin siminti gaskiya ne. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya tashi, a farkon 2024 kuwa buhu ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har gwamnati ta zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge. Amma siminti kaɗai ba ya mai da wata shida ya koma goma sha huɗu.

Sau nawa ka je wurin ka ce a ƙara faɗin falo, ko uwargida ta ce kicin ya dawo wannan ɓangaren? Birkila zai ce "ba komai, Alhaji," don ba ya son ɓata maka rai. Wannan "ba komai" ɗin kuwa bulo ne da rodi da kuɗin leburori, kuma ba wanda ya lissafa.

Ni ma ta taɓa cina. A wani gini a Zariya muka zuba dekin ba tare da na kira mai wayarin ba, na ɗauka birkila ya gaya masa, shi kuma ya ɗauka ni na faɗa. Sai da aka dawo ana fasa kankare da guduma don a saka bututun waya. Kunya ta ishe ni a gaban mai gida. Tun daga ranar ba na barin a zuba dekin sai mai famfo da mai wayarin sun tsaya da ƙafarsu sun ce sun gama.

Ga abin da nake so ka yi. Sayi littafi mai bango mai ƙarfi, ya zauna a wurin ginin. Duk canjin da za a yi, a rubuta shi da kuɗinsa da kwanakin da zai ƙara, ku sa hannu kai da birkila kafin a taɓa bulo ko ɗaya. Ku riƙa zama kowace Asabar, ko na minti ashirin: me aka yi, me ya tsaya, me ya sa. Abin da ya ci kuɗi a fandisho kada ya sake ci a rufi.

Ka daina ba da kuɗi a dunƙule, biya mataki-mataki. Rodi ka je kasuwar Ƙofar Ruwa da kanka ka ji farashi. Siminti kuwa kar ka tara da yawa da damina, danshi na sa ya daskare.

Kafin ka sake zuba ko kwabo, nemo masanin ƙiyasin kayan gini ya auna abin da ke ƙasa, ya kwatanta da rasit ɗin da ke hannunka. A nan za ka san ko laifin birkilan naka ne, ko na bakinka.