Ɗana mai shekara 15 ya ce wanki aikin mata ne: ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malama. Ni uwa ce a unguwar Yelwa da ke Garwa, a ƙasar Kamaru. Ina da ɗa namiji mai shekara 15 wanda zai zauna jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare bana, da ƙanwarsa mai shekara 13. Yarinyar ce take taya ni wanki da wanke-wanke da shara, har kayan yayanta ita take wankewa. Duk lokacin da na ce ya wanke kayansa sai ya ce aikin mata ne, kakarsa ta wajen uba da muke zaune tare kuma ta goyi bayansa. Ranar da na matsa masa, ya haɗa farar rigarsa da sabon zanena na atamfa a bokiti ɗaya, ya tuttula musu jabel, wato ruwan bilic na faranta kaya, duka biyun suka lalace. Mahaifinsu direban babbar mota ne tsakanin Ngaundare da Kusiri, ba ya cika zama a gida. Shin lokaci bai ƙure mini ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya miki su, ya shirya mana zuri'a. Lokaci bai ƙure ba. Karin maganar nan ta icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi tana sa iyaye da yawa su yanke ƙauna da wuri, alhali wanki aikin hannu ne da mai shekara 15 zai iya ƙwarewa a kansa cikin 'yan makonni, domin yana da ƙarfin matse zanen gado, yana kuma da hankalin da zai gane dalilin kowane mataki idan an bayyana masa. Abin da na gani a cikin tambayarki shi ne matsaloli biyu da suka sarƙe da juna: yaron bai iya ba, kuma yana jin kunyar a gan shi yana yi. Ɓarnar da ya yi wa riga da zane ba lallai ba ne ta zama ta ganganci, domin wanda ba a taɓa nuna masa ba bai san sabuwar atamfa tana zuba ba, bai kuma san jabel yana cin launi ba.

Maganar aikin mata ba daga bakinki ya kamata a fara rushe ta ba, domin idan kika ja da surukarki a gaban jikanta, ke ce za ki fita da laifi, shi kuma ya sami mafaka. Ki yi magana da maigidanki, ko da ta waya ce yana kan hanya, shi ya shaida wa mahaifiyarsa da ɗansa cewa shi ne ya yanke wannan hukunci. Hujjarsa ma a kusa take. Direban da yake kwanaki a hanya ya san abin da ake nufi da wanke riga a tasha a shanya ta jikin mota. Masu wanki da guga da ake kai wa manyan riguna a cikin gari maza ne, almajiran tsangaya kuma su suke wanke kayansu ranar Alhamis tun ba su kai ɗanki shekaru ba. Sama da duka, Buhari ya ruwaito cewa da aka tambayi Nana A'isha abin da Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yana kasancewa cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi ya fita, a wata ruwayar kuma an ambaci cewa yana ɗinke tufafinsa da kansa. Ita kuwa kaka, abin da ya fi saurin shiga zuciyarta shi ne a tuna mata cewa nan da 'yan shekaru jikan nata yana iya samun kansa a ɗakin haya a Dang yana karatu a Jami'ar Ngaundare, ko a Marwa, inda babu ƙanwa babu uwa.

Shawarata ita ce kada ki nemi ya riƙa taya ki wanki. Ki damƙa masa kayansa gaba ɗaya, daga singileti da gajeren wando har kayan makaranta da zanen gadonsa, su zama nasa daga lokacin da ya tuɓe su har ya ninke su ya adana. Yaron da ake kira ya zo ya taya yakan jira a kira shi, kuma kowane kira sabon ciniki ne, amma wanda ya san ba wanda zai taɓa kayansa sai shi, da kansa zai fara lissafin ranar da rigunansa za su ƙare.

Akwai kuma dalilin da ya fi wannan nauyi, wanda iyaye mata kan ji nauyin faɗa. Yaro mai shekara 15 ya balaga ko yana gab da balaga, kuma bai dace ƙanwarsa ta ci gaba da wanke masa kayan ciki da zanen da yake kwana a kai ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi maniyyi najasa ne, kuma abin da yara suke karantawa a Ahalari shi ne idan an san inda najasa ta taɓa a wanke wurin, idan wurin ya rikice a wanke tufar duka, idan kuma shakka ake yi ko ta taɓa sai a yayyafa ruwa. Malamai sun kuma bayyana cewa da ruwa tsarkakakke wanda sabulu bai canza shi ba ake kawar da hukuncin najasa, saboda haka ɗauraya ta ƙarshe da ruwa mai tsabta ba ado ba ce. Idan mahaifinsa ko malaminsa na Islamiyya ya gabatar masa da wanki ta wannan ƙofa, zai karɓe shi a matsayin alamar girma da sirrin kansa, wanda ya sha bamban da horon da uwa ta ɗora masa.

Koyarwar kanta da hannu ake yin ta, kuma a cikin gida, inda abokansa ba za su leƙo ba. A karo na farko ki yi yana kallo kina faɗa masa dalili, a na biyu ya yi kina zaune kusa, daga nan ki ja baya ki bar shi. Farkon darasi shi ne lalube aljihu, domin biro ɗaya da aka manta ya isa ya ɓata bokiti guda, sai ware kaya: farare daban, masu launi daban, sababbi da masu duhu daban. Ki nuna masa yadda ake gwada tufar da ake zargin tana zuba, wato a jiƙa gefenta a matse a cikin farin ƙyalle a ga ko ta bar launi. Ya narkar da omo a cikin ruwa kafin ya sa kaya, ya jiƙa su kamar minti 20 zuwa 30, sannan ya bi wuya da hammata da bakin hannu da sabulun bulo ya cuɗa, domin nan ne dauɗa take taruwa, kuma nan ne masu koyo suke tsallakewa. Yara suna ɗauka yawan kumfa shi ne tsabta, sai su zazzage rabin leda a bokiti ɗaya, abin da kawai yake jawowa shi ne ƙarin ruwan ɗauraya, ragowar sabulun da ya maƙale kuma ya sa ƙaiƙayi idan an yi gumi. Idan ruwan unguwarku na rijiya ne mai zartsi, za ki ga sabulun bulo ba ya kumfa sosai kuma yana barin farin dusa-dusa a jikin tufa, a irin wannan ruwa omo ya fi aiki.

Tabo yana da ƙa'idoji kaɗan da ya kamata ya haddace. Jini da ruwan sanyi ake wanke shi, domin ruwan zafi yana dafa shi ya kama zare. Maiko, na miya ko na babur, a shafa masa sabulu ko ruwan wanke kwanuka tun tufar tana bushe a bar shi ya ɗan jima. Kada kuma a goge tufar da tabonta bai fita ba, zafin dutsen guga yana zaunar da shi.

Tunda ruwa da kuɗi ake sayensa a gidaje da yawa, musamman idan famfo ya ɗauke, ki koya masa jerin da iyayenmu suke bi: a fara da farare, ruwan ɗaurayarsu ya zama na wankin masu launi, a ƙare da safa da tsumma, abin da ya rage a wanke banɗaki da shi. Wanda ya taɓa ɗauko jarka mai lita 20 da hannunsa ba ya bukatar dogon wa'azi a kan wannan.

Jabel kuwa sai an tsaya a kansa, tunda shi ya jawo ɓarnar farko, kuma haɗarinsa ya wuce na tufa. Ba a zuba shi kai tsaye a kan kaya. Ana tsarma kaɗan a cikin bokitin ruwan sanyi bisa ma'aunin da aka rubuta a jikin kwalbar, domin ƙarfinsa ya bambanta daga wani kamfani zuwa wani, a sa fararen kayan auduga kaɗai na kamar minti 10, a ɗauraye sosai. Yadin roba da siliki da ulu yana iya mayar da su rawaya ko ya cinye zarensu. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kada ya taɓa haɗa jabel da ruwan wanke masai mai asid, ko ruwan tsami, ko lemun tsami, domin haɗin yana fitar da iskar kulorin mai ƙona ido da huhu, kuma a cikin ƙaramin banɗaki marar taga tana iya kayar da mutum. Kada kuma a juye shi a gorar ruwan sha, saboda ƙananan yara. A watannin farko ni da zan ɗauke jabel daga hannunsa gaba ɗaya, domin sabulu da ranar Garwa sun isa su haskaka farar riga. Shaddarki da leshinki da manyan rigunan mahaifinsa su ma ki ɗauke su daga gabansa, ba da su ake koyo ba.

Wajen shanya, ya juya masu launi ciki waje don kada rana ta koɗar da su, ya kuma kwashe da zarar sun bushe, musamman a watannin Maris da Afrilu da zafi yake haura digiri 40, da lokacin hunturu da ƙura take mayar da wanki baya. A kan igiya ake shanya, ba a ƙasa ba. Akwai wani ƙuda da yake saka ƙwai a rairayi da kan tufafin da ba su gama bushewa ba, tsutsarsa ta huda fata ta yi ƙurji mai kama da maruru, kuma an fi ganinsa da damina. Guga mai zafi tana kashe ƙwan, shi ya sa ake so a goge har kayan ciki. Idan dutsen gawayi kuke amfani da shi saboda ɗaukewar wuta, ya share gindinsa ya gwada a kan tsumma tukuna, ya fara da kayan auduga masu kauri, ya bar na roba sai dutsen ya huce. Ina kuma jan hankalinki kada ki yarda ya bi samari zuwa wanki a bakin Binuwai ko kududdufan da damina take bari, domin tsargiya ta cikin fata take shiga mai tsayawa a irin wannan ruwa, kuma sananniyar cuta ce a yankinmu, har da kewayen madatsar Lagdo.

Ki tsayar masa da rana, kada abin ya zama sai kin tuna. Yammacin Laraba da ake tashi makaranta da wuri ya dace da kayan makaranta, safiyar Asabar kuma ga sauran kaya da zanen gado. Wankin mutum ɗaya sau biyu a mako ba zai hana shi karatun BEPC ba, amma a makon jarrabawar kanta kina iya ɗauke masa, ki kuma faɗa masa cewa taimako ne na wannan mako kaɗai. Wuri mafi wuya a gare ki shi ne daren Lahadin da za ki ga rigar makaranta tana nan da dauɗarta. Idan kika tashi kika wanke, ko kika sa ƙanwarsa, kin koya masa cewa jinkiri yana biya. Ki tuna masa sau ɗaya, ki bar shi ya wanke da daddare ko ya sa ta haka nan, kuma ki roƙi kaka tun da wuri kada ta aiki yarinyar a ɓoye. Idan ya yi wankin bai fita sosai ba, kada ki sake wankewa a gabansa, kada kuma ki mayar da shi abin dariya a gaban baƙi. Ki nuna masa wuri ɗaya da zai gyara a karo na gaba. Ban kuma goyi bayan a biya yaro kuɗi don ya wanke kayan jikinsa ba, domin ranar da babu kuɗin zai ga yana da hujjar ajiye aikin.

Idan wanki ya zauna, sai a ƙara sauran ayyukan ɗaya bayan ɗaya: sharar ɗakinsa da gyaran shimfiɗa, wanke kwanon da ya ci abinci, wanke banɗaki bi da bi, sannan dafa shayi da shinkafa da miya mai sauƙi. Idan da gas kuke girki, ya san cewa in ya ji warinsa zai rufe kan tukunyar ya buɗe ƙofa da taga, ba zai ƙyasta ashana ko ya taɓa makunnin lantarki ba.

Ita kuwa yarinyar, ina ganin ita ce aka fi tauyewa a wannan tsari, ko da ba ta yi ƙorafi ba. Wani rahoton UNICEF na shekarar 2016 ya nuna cewa a duniya 'yan mata masu shekara 10 zuwa 14 suna ɓata lokaci a aikin gida fiye da takwarorinsu maza da kashi 50 cikin ɗari, kuma daga lokacin karatu da hutu ake cire wannan. Sa'o'in da za ta samu idan yayanta ya karɓi kayansa ki bar mata su ga littattafanta, kada ki cike su da wani sabon aiki. Ki kuma keɓe da ita ki nuna mata yadda ake wanke ƙyallen al'ada da kamfai: ruwan sanyi da farko, sannan sabulu, a ɗauraye sosai, a shanya inda rana da iska suke kaiwa. Kunya takan sa 'yan mata su shanya su a ƙarƙashin katifa ko bayan ƙofa, su mayar da su jiki da sauran danshi, wanda yake jawo ƙaiƙayi da wari. Ki ɗaura mata igiya ta daban a wani lungu na tsakar gida da rana take samu, ta riƙa rufa musu siririn mayafi idan tana jin nauyin a gani.