Tambaya da Amsa: Wai Ayashe A'isha ce, ko wani sunan ne daban?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya, ya aiki ya sanyin garin namu. Dan Allah tambaya gareni kuma ina so ki amsa min da wuri saboda watan haihuwata ya kusa kamawa, kuma hoton da aka min a asibiti ya nuna mace ce. Maigidana yace in Allah ya sauke ni lafiya sunan kakarsa ta wajen uwa zai sa, ita ta riƙe shi tun yana ƙarami har ya gama firamare, ta rasu da daɗewa, sunanta Ayashe. Ni dai tunda nake jin sunan na ɗauka A'isha ce mutanen da suka lanƙwasa, har na ji daɗi, sai ranar nan ƙanwarsa ta zo tana min dariya wai ai ma'anarsa a yar da ita, wai 'yata za ta sha tsokana a makaranta. Da na tambayi maigidan sai yace shi dai Ayashe ya taso ya ji ana cewa kuma shi zai sa. Wallahi duk faɗin Jos ban taɓa jin yarinya mai wannan sunan ba. Menene asalinsa, menene ma'anarsa, kuma har yanzu ana sawa kuwa?

Daga 'yar uwarki a Unguwar Rogo, Jos.

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Toh ƙanwar mijinki ta faɗi gaskiya amma rabi ta faɗa, kuma rabin da ta bari shi ne mai muhimmancin.

Ayashe Hausa ce tsantsa, babu Larabci a cikinsa. Kalma biyu ce aka haɗe, "a" irin wadda muke cewa a tafi, a zauna, a ci abinci, sai kuma "yashe". Kin san za ki iya cewa ya yar da shi, za kuma ki iya cewa ya yashe shi, kamar dai yadda tsofaffi ke cewa ya bashe shi a madadin ya bayar da shi, ko ya saishe shi a madadin ya sayar da shi. Daga nan muka samu yasasshen gida, wato gidan da aka watse aka bari ba mai kula da shi. Kenan Ayashe dai "a yashe ta" ne, a bar ta nan, ba mai so. Shiyasa na ce yarinyar can bata yi ƙarya ba.

Amma ki tsaya ki tambayi kanki, wace uwa ce za ta ɗauki ciki wata tara, ta yi naƙuda a ɗaki ba likita ba allura, sannan ta kalli jaririyar ta ce a yashe ta? Uwar da ta gaji da binne 'ya'ya ce. Irin wannan sunan na 'ya'yan wabi ne. Mace mai wabi ita ce wadda za ta haihu, yaro ya yi wata biyar ko shekara, ya fara dariya ya fara rarrafe, sai zazzaɓi na kwana biyu ya ɗauke shi, ta sake haihuwa haka, ta sake haka, wata har sau huɗu sau biyar. Mutanen da suna ganin ko dai yaro ɗaya ne yake ta zuwa yana komawa, ko kuma wani abu ne ya sa wa ɗakin ido, iska ko maye ko bakin mutane, duk abin da aka nuna ana so sai ya ɗauke. To dabarar da suka yi ita ce a nuna ba a damu da jaririn ba. A kira shi da sunan abin da aka yar, ko mai ɗaukar zai ga ba shi da daraja ya wuce ya bar shi. 'Yar uwar Ayashe a wannan layin ita ce Ajuji, a wasu wuraren har da gaske ake kai jaririn kan juji a ajiye na ɗan lokaci sai wata tsohuwa ta je ta "tsinto" shi ta kawo gida. Namiji kuma a ce masa Bawa, wai ba ɗan gida ba ne balle a yi kishinsa, ko Mantai, wai an manta da shi. Akwai kuma Barmani, ita wannan bata ɓoye komai ba, roƙo ne kai tsaye, wannan dai a bar mani.

Ni duk lokacin da na ji irin sunan nan ba dariya yake bani ba gaskiya, lissafi nake shiga yi, nawa aka binne kafin ita. A layinmu a Gangare muna yara akwai wata tsohuwa mai waina da ake kira da ɗaya daga cikin sunayen nan, mu dai dariya muke in mun ji, sai da na girma na ji cewa ita kaɗai ta rayu a ɗakinsu, kuma ta ga jikoki ta ga tattaɓa kunne.

Kuma ba mu kaɗai ke yi ba. Ki shiga Nasarawa Gwong ki tambayi maƙwabtanmu Yarbawa, su abiku suke ce wa ɗan wabi, suna da Malomo, kar ka sake tafiya, da Durojaiye, tsaya ka ci duniya. Ibo kuma ogbanje suke cewa. Ciwo ɗaya ne, kowa da yadda ya yi kukansa.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne sosai. Bahaushen da, musamman Musulmi, suna biyu yake ba yaro. Akwai sunan yanka, wanda ake yi wa jariri huɗuba da shi a kunne, a raɗa ranar bakwai a yanka rago, yawanci sunan Annabawa ne ko Sahabbai ko iyalan gidan Manzon Allah (SAW). Sai kuma laƙabi, wanda matan gida ke sawa, kuma shi ne yake bin mutum har kabari har a manta da na yankan. Laƙabin nan labarin haihuwar mutum yake bayarwa. Ladi ranar Lahadi aka haife ta, ga Ladi Kwali nan mai ginin tukwane a bayan naira 20. Lami Alhamis, Jummai Juma'a, Asabe Asabar, Azumi cikin Ramadan, Marka lokacin da ruwa ya zauna ba ƙaƙƙautawa irin na Agustan Jos, Kande ko Delu macen da ta biyo bayan maza. Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU da ta rasu a 2001, Hajaratu ne sunanta na yanka, Gambo ɗin saboda tagwaye ta biyo. Marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa mai kiɗan amada da ta rasu a 2013, Sa'adatu ce. Mutum nawa ne suka san haka? To Ayashe ma a wannan sahun yake. Abin da ya fi yawa shi ne kakar mijinki tana da wani sunan na yanka, Hauwa ko Amina ko Rakiya ko ma A'ishar da kike fata, kuma idan ana maganar mayar da suna a gidan Bahaushe wancan ne ake mayarwa.

Kuskuren da kika yi na ɗaukarsa A'isha ba ke kaɗai ba ce, kunne ne ya ja ki. A'isha tana da 'yan canje canje da yawa, mu muna da A'i da Shatu da Indo, Barebari su ce Aisa, Turkawa kuma masu fina finan nan da ake ta kallo su ce Aishe, wanda saura ƙiris ya zama Ayashe. Amma tushe daban ne. A'isha daga Larabci take, ma'anarta mai rai, mai rayuwa. Abin mamakin shi ne in kin duba abin da uwar Ayashe take roƙo kenan, 'yarta ta rayu, sai dai ita tsoro ya hana ta faɗa a fili sai ta zagaya ta bayan gida.

Batun ko har yanzu ana sawa, gaskiya ya kusa ɓacewa, a birni kam sai dai ki ji shi a bakin jikoki suna ba da labarin kakarsu, a ƙauyuka ne za ki iya karo da tsofaffi masu amsa shi. Dalili na farko mai daɗi ne, yara sun rage mutuwa kamar da. Agana da take share gida an kawar da ita daga duniya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da haka a 1980, ƙyanda da tarin shiƙa akwai rigakafi, mata suna zuwa awo. Sannan an gano wani kaso na abin da ake kira wabi sikila ce, kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da AS, in miji da mata duk AS ne to kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaron ya zo da SS, a zamanin da ba gwaji ba ƙarin jini irin yaran nan ba sa yin nisa, sai a ce iska ce. Na biyu wa'azi. Malamai sun daɗe suna faɗa da camfin cewa suna zai iya ɓatar da mutuwa, mu nan Jos mun fi kowa sani tunda a garin nan aka kafa Izala a 1978. Na uku boko da takardu, sunan da aka rubuta a takardar haihuwa shi zai bi yarinya zuwa WAEC da NIN da fasfo, iyaye suka fara tunanin yadda zai fito a baki ranar da malami ke kiran suna a aji. Sai kuma yayi, gurbin da su Ayashe da Kande da Talatu suka bari yanzu su Afnan da Ilham da Hanan da Amira ne a ciki, wasu ma iyayen in kin tambaye su ma'anar sai sun duba waya, amma wannan maganar wata rana ce.

Ta ɓangaren addini, suna mai kyau haƙƙin yaro ne a kan mahaifinsa, kuma ya tabbata Manzon Allah (SAW) ya canza wa mutane suna saboda ma'ana, 'yar Sayyidina Umar da ake kira Asiya mai ma'anar mai saɓo ya mayar da ita Jamila. Kar ki haɗa da Asiya matar Fir'auna, a Larabci harafinsu daban ne. Saboda haka in ra'ayina kike tambaya, ni ba zan raɗa wa jaririya Ayashe a matsayin sunan yanka ba, ba don sunan abin kunya ne ba, sai don an yi shi ne saboda wata masifa wadda ke Allah bai jarrabe ki da ita ba, kuma yarinya ce za ta yi ta bayani duk inda ta je.

Amma dan Allah kar ki je wa maigida da maganar "sunan kakarka a yar yake nufi", matar nan ita ta goya shi, in kika shigo ta nan ko da gaskiyarki ba zai saurare ki ba. Ce masa za ki yi kina so a mayar da sunan Kaka cikakke, na yankan. Kuma ki tuna masa ko an sa Ayashe ɗin surukarki ba za ta iya kira ba, sunan mahaifiyarta ne, alkunya za ta yi ta ce Inna ko Ummi ko Mama, daga nan duk gida a ɗauka, kin ga ko ta wace hanya sai an nemo wani sunan kira. In an tambaya an rasa wanda ya tuna na yankan, ga A'isha nan, ta yi kusa da shi a kunne, shi in ya so ya dinga kiranta Ayashensa a cikin gida, dama jika da kaka wasa ne tsakaninsu.

Wanda za ki tambaya kuwa ba samarin gidan ba ne, ki nemi mace mafi tsufa a dangin surukarki, ƙanwar marigayiyar in tana raye ko wata da suka yi zaman gida ɗaya, ki riƙe ɗan goro da turare ki je da kanki, ban da ƙanwar mijin nan taki mai dariya. Ki tambaye ta sunan da aka raɗa wa Kaka, ki kuma tambaye ta ita Kakan ta nawa ce a ɗakinsu. In kika ji an rasa yara da yawa a wannan ɗakin kuma ku baku yi gwajin jini kafin aure ba, ki faɗa wa likitarki a awo na gaba. Allah ya sauke ki lafiya, ki aiko mana da sunan da aka samo.