Tambaya da Amsa: Ina so in haɗa injin tsere da kuɗi kaɗan, amma ina tsoron ya sake bugawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi injin 2JZ-GE ɗan Kwatano da aka cire daga Lexus GS300, ina so in sa masa turbo domin tseren miƙaƙƙiyar hanya na mita 402. Kuɗina ba su da yawa, kuma na taɓa asarar inji guda: da aka haɗa shi ya yi tauri har sai da aka tura motar kafin ta tashi, bakaniken ya ce alamar ƙarfi ce, amma a gudu na uku ya buga. Yaya zan haɗa bulok ɗin, wato gangar jikin injin, yadda zai jure?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya mayar maka da alheri. Game da bulok ɗin kansa ka kwantar da hankalinka, domin na ƙarfen zubi ne, silinda shida masu faɗin milimita 86, da mazaunin kiranshaf (sandar da fistin ke juyawa) guda bakwai, kuma ɗan gida ɗaya ne da injin 2JZ-GTE mai turbo na motar Toyota Supra. Ka kai shi a duba ko ya tsage, a auna samansa ko ya karkace, kuma kada ka yarda a faɗaɗa silinda sai dole, in ma dolen ce kada ta wuce rabin milimita, saboda kaurin bangon shi ne jarinka. Kuɗin da kake da su ka zuba a kan fistin da konrod (ƙarfen da ke haɗa fistin da kiranshaf) na ƙira, ba na zubi ba, musamman idan injinka mai VVT-i ne (tsarin Toyota mai sauya lokacin buɗewar bawul), wanda konrod ɗinsa sirara ne. Matsin GE, wato ninki nawa fistin ke matse iska da fetur a silinda, ya kai 10 ko 10.5, na GTE kuwa 8.5 ne, saboda haka ka nemi fistin da zai sauko da shi.

Yanzu ga abin da ya kashe injinka na farko, wanda kusan kullum sai an kawo mini irinsa, wato maganar nan cewa inji mai tauri shi ne mai ƙarfi. Wallahi wannan magana ta cinye dukiyar mutane da yawa, kuma masu yaɗa ta ba su taɓa riƙe ma'auni ba, da hannu suke lalube su ce ya yi. Ƙarfe yana buɗewa idan ya ji zafi, alminiyon fistin kuma yana buɗewa kusan ninki biyu na ƙarfen bulok. Injin da aka matse tun yana sanyi, ina zai samu wurin buɗewa a lokacin da turbo ta hura masa wuta?

Ɗauki zoben fistin. Tsakanin bakinsa biyu akwai 'yar tazara, wadda bakanike marar sani yake ɗauka ta nan ƙarfi ke zurarewa. Da zafi ya hau, bakin biyu za su haɗe, zoben ya rasa inda zai je, sai ya fasa gefen fistin ya karce silinda cikin daƙiƙa kaɗan. Ga silinda mai milimita 86 da turbo, zoben sama yana bukatar tazarar kimanin rabin milimita, na biyu kuma ya ɗan fi haka, sai dai takardar da ta zo da zoben ita ce alƙali. Ka sa zoben a silindarsa, ka tura shi da kan fistin domin ya zauna daidai, ka zura siririn ma'aunin tazara, sannan ka goge ɗaya daga cikin bakin biyu kawai, daga waje zuwa ciki, a hankali, kana yi kana aunawa. Zoben sama da na biyu guda goma sha biyu ne, aikin yini guda ne, kuma ban san wata gajeriyar hanya ba.

Haka batun metal yake, wato siraran ƙarafan da ake shimfiɗawa a mazaunin kiranshaf. Kiranshaf ba a kan metal yake gudu ba, a kan siririn baƙin mai yake shawagi, kuma idan ba a bar wa man wuri ba, ƙarfe zai ci ƙarfe. A manyan mazaunai ka nemi tazarar wajen milimita 0.05 zuwa 0.06. Zaren auna tazara da ake kira Plastigauge ba shi da tsada: ka shimfiɗa shi a busasshen mazauni, ka ɗaure da sifana mai ma'auni ba tare da ka juya kiranshaf ba, ka kwance ka gwada faɗin da ya baje. Bayan an shafa mai an ɗaure duka, kafin a sa fistin, ya kamata kiranshaf ya juya da hannu ɗaya. Wanda ya ce maka a zuba mai mai kauri zai gyara matsewa, ko ya ɗauko bututu ya ƙara wa sifana tsawo ya taka da ƙafa, ka kwashe kayanka ka bar garejinsa tun kafin ya taɓa noti na biyu.

Kafin haɗawa, ka wanke silinda da ruwan zafi da sabulu har sai farin ƙyalle ya fito fari, ka bi hanyoyin mai da buroshi. Ranar gwaji kuma, a rufaffen fili nake nufi, ba titin jama'a ba, ka fara da ƙaramin matsin turbo, mai saita kwamfutar injin yana zaune kusa da kai yana sauraron ƙarar ƙwanƙwasa, alamar fetur na fashewa ba daidai ba a silinda, domin fetur ɗin gidan mai ba na tsere ba ne.