Lensinka na EF za su hau sabuwar kyamara, amma ka duba waɗannan kafin ka biya

Ɗana, na saurari saƙon muryar da ka turo. Tambayarka biyu ce. In ka sayar da 700D ɗinka ka ɗauki ɗaya daga cikin sababbin Canon marasa madubi, hotonka zai ƙara kyau? Sannan lensin da ke jakarka, 50mm ɗin nan da 18-55 da ya zo da kyamarar da kuma 75-300, za su hau ko su ma sai ka rabu da su? Ka ce zuciyarka tana tsakanin R50 da R8.

Za su hau, dukansu ukun. Kada wani mai shago ya ruɗe ka ka zubar da su a banza. Bakin da ke jikin lensinka shi ne EF, wanda Canon ta fito da shi tun 1987. Kyamarorin da ke da madubi a ciki, irin taka da 5D Mark III ɗina, dole su bar wa madubin fili ya ɗaga ya sauka, shi ya sa daga bakin kyamara zuwa sensa, wato ɗan allon da hoto ke sauka a kai, akwai milimita 44. Da suka cire madubin suka fito da sabon baki na RF a 2018, sai tazarar ta koma milimita 20. Saura 24 ke nan. Adaftar da ake kira EF-EOS R ba komai take yi ba illa cike wannan gibin na milimita 24, ta kuma haɗa 'yan fil-fil ɗin wuta na lensi da na kyamara. Ka ɗaga ta sama ka leƙa, za ka ga rami ne kawai, babu gilashi ko ɗaya a ciki. To abin da babu gilashi a cikinsa ta ina zai rage wa hoto kyau? Fokas yana aiki, buɗa da tsuke idon lensi yana aiki, maganin rawar hannu da ke cikin 18-55 ɗinka shi ma yana aiki.

Ka sayi ta Canon ɗin kanta in da hali. Akwai masu sauƙin kuɗi da ke aiki lafiya, akwai kuma waɗanda in ka ɗaura lensi mai nauyi ka ɗan murɗa sai ka ji yana motsi, kana tsakiyar aiki kyamara ta ce ba ta ganin lensi. Araha ba ta ado. Abu biyu kuma ka riƙe: lensin RF ba ya hawa tsohuwar kyamara ko da adafta, kuma lensin EF-M, wato na M50 da 'yan uwanta, ba ya hawa kyamarar R sam. Sunan ya yi kama, shi ya sa ake yi wa yara sakiyar da ba ruwa da shi a kasuwar kayan hannu.

Amma hawa daban, amfani daban. Ɗauko 18-55 ɗinka ka duba gindinsa, za ka ga ɗan farin tabo mai kusurwa huɗu. Na 50mm da 75-300 jan ɗigo ne. Mai farin tabon EF-S ne, an yi shi don ƙaramar sensa, wadda faɗinta bai wuce milimita 22 da 'yan kai ba, tsayi kusan 15. Ita R8 babbar sensa gare ta, 36 da 24. Da ka ɗaura mata EF-S, da kanta za ta yanke gefe-gefe ta yi aiki da tsakiyar sensar kawai, megafiksal 24 ɗin da ka biya kuɗinsu su koma wajen 9. Yi lissafin da na koya maka: shafin albam na inci 8 da 12, in ana son bugu mai kyau na ɗigo 300 a kowane inci, yana cin 2400 sau 3600, wato megafiksal 8.6. Ka ga da ƙyar ya ishe ka, babu rarar da za ka gyara tsayuwar hoto ko ka yanke wani da ya leƙo ta gefe. Ran da uwar amarya ta ce a yi mata babban firem na falo kuwa, za ka ji jiki. Saboda haka duk wanda ya ce maka kuɗin R8 shi ne kuɗin R8, bai gaya maka gaskiya ba. Kuɗinta shi ne ita, da adafta, da lensin zuƙowa na babbar sensa irin EF 24-105mm f/4L, ko da na hannu ne.

A kan R50 babu wannan matsalar, don sensarta girmansu ɗaya da ta 700D. Yadda ka saba ganin 50mm ɗinka yana matso da fuska, haka zai ci gaba. A kan R8 kuwa zai buɗe, sai ka ga inda ka saba tsayawa ka ɗauki amarya daga ƙirji zuwa sama yanzu har da ƙawayenta biyu sun shigo. In kana son irin wancan matsin sai ka nemi 85mm f/1.8.

Yanzu batun kyan hoto, wanda shi ne ya fi damunka. Ka cire megafiksal daga ranka. Daga 18 zuwa 24 ba wani tsalle ba ne, kuma yawancin aikinmu a waya yake ƙarewa, WhatsApp ya matse shi ya koma ɗan mitsitsi in ba ka tura shi a matsayin fayil ba. Ribar gaske tana wasu wurare uku, kuma babbar cikinsu fokas ce.

Ka sha kawo min ƙorafi cewa 50mm ɗinka ba ya fita tar a f/1.8, wato in an buɗe idonsa gaba ɗaya, har kana cewa ko ya lalace. Na duba hotunan kamun da ka ɗauka: ɗan kunnen amarya fes, duwatsun ɗankwalinta fes, idon ne dishi-dishi. Lensin da ya lalace ba ya haka. Fokas ne ya sauka a bayan inda ka nufa. A kyamara mai madubi, abin da ke auna fokas wata 'yar na'ura ce daban a ƙasan madubin, hoto kuma a kan sensa yake sauka. In awon biyun ya saɓa ko da kaɗan ne, a f/8, inda idon lensi yake a tsuke, ba za ka lura ba, amma a f/1.8, inda daga ido zuwa kunne kaifi ya riga ya zube, nan take zai nuna. Ga shi 700D ɗigon fokas 9 kawai gare ta, duk sun taru wajen tsakiya, sai ka kama ido sannan ka karkata kyamara ka gyara tsayuwa, a wannan karkatawar ma tazara ta canza. Mara madubi a kan sensar kanta take auna fokas, inda hoton zai sauka, kuma tana gane ido ta bi shi ko'ina ya yi a cikin firem. Amarya tana takowa cikin hol, ana liƙi, hannuwa suna gilmawa, ɗan akwatin fokas yana manne da idonta. Shi ya sa za ka ji masu aiki suna cewa tsohon lensinsu ya fi kaifi a sabuwar kyamara. Gilashin bai canza ba, yanzu ne yake sauka daidai. In a da cikin hoto goma kana tsintar huɗu masu kyau, za ka ga yawancinsu sun zama na ba wa mai biki. Wannan ribar R50 da R8 duk suna da ita.

Ta biyu duhu. A nan R8 ta yi wa R50 nisa, don filin sensarta ya ninka na ƙaramar fiye da sau biyu da rabi, haske ya fi taruwa. ISO ɗin, wato ƙarfin jin hasken sensa, da kake tsoron kaiwa a 700D saboda yashi-yashin da ke fitowa a fuska, a R8 za ka wuce shi hankali kwance. Wurin dina da aka kashe manyan fitilu aka bar shuɗi da ja, nan za ka ga bambancin kuɗinka.

Ta uku ita ce wadda ta fi shafar mu nan. Ɗaurin aure da rana tsaka a ƙofar masallaci, ango baƙi cikin farar shadda mai ƙyalli, hula ta yi wa goshinsa inuwa. In ka buɗe don fuska, aikin wuyan babbar rigar ya ƙone ya zama fari fat. In ka tsuke don riga, fuska ta nutse. A mara madubi abin da kake gani a wurin leƙe shi ne hoton da zai fito, tun kafin ka danna ka san ko rigar ta ƙone. Ka auna don rigar ta tsira, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba, ka ɗago fuskar a kwamfuta. Sababbin sensa suna jure wannan ɗagawar fiye da ta 700D, wadda da ka ja inuwa kaɗan sai launi ya fara ɓaci. Ko da yake, in ka tambaye ni, ɗan filashi kaɗan a fuska tun a wurin ya fi duk wannan wahalar.

Abin da sabuwar kyamara ba za ta gyara ba shi ne 75-300 ɗinka. A ƙarshen zuƙowarsa laushi gare shi, kuma yana sa shunayyar zare a gefen fararen kaya. Sensa mai kyau ƙara fito da aibinsa za ta yi. Ka riƙe shi don hawan sallah da rana, ka tsuke shi zuwa f/8, amma kada ka sa ran wani abu.

Sai abubuwan da ba a rubuta su da manyan baƙaƙe a jikin kwali. R50 takalmin filashinta, wato inda ake ɗora filashi a samanta, sabon samfuri ne, babu babban fil ɗin tsakiya da tsofaffin filashi ke taɓawa, sai ka sayi wata 'yar adafta mai suna AD-E1 kafin filashinka ya tashi. Mutane da yawa sai a wurin biki suke gano wannan. R50 da R8 duk batir ɗinsu ƙarami ne, LP-E17, ba irin na 700D ba, kuma mara madubi tana shan wuta saboda allon leƙenta kullum a kunne yake, ga halin wutarmu ka sani. Duk biyun ba su da maganin rawar hannu a jikinsu, sai wanda ke cikin lensi, 50mm ɗinka kuwa ba shi da shi. Duk biyun kuma ramin memori ɗaya gare su. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi tsaya min a rai. Ɗaurin aure ba a maimaita shi, in kati ya mutu babu bakin da za ka yi wa mutane bayani da shi.

Ka kuma kula da ɗauka mara ƙara. Daɗi gare ta wurin walima ko lokacin addu'a, amma a ƙarƙashin fitilun LED na hol tana iya zana wa hoto layi-layi, haske da duhu, don sensar daga sama zuwa ƙasa take karantawa fitilar kuma tana ƙyaftawa. Wutarmu 50 take bugawa a daƙiƙa, saboda haka a bidiyo ka tsayar da gudun shata a 1/50 ko 1/100, a hoto ka koma shata mai labule, wadda ke ƙara, ka kunna maganin ƙyaftawar fitila. In janareta ne ke ja, bugunsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, sai ka gwada ka duba allo kafin amarya ta shigo. Da hunturu kuma ka tuna babu madubin da ke tare wa sensa ƙura: ka kashe kyamara, ka kifa bakinta ƙasa, sannan ka canza lensi, cikin mota ko cikin ɗaki. Fayil ɗin RAW ɗinta ma CR3 ne, tsohon Lightroom, manhajar gyaran hoto da ke kwamfutar shago, ba zai buɗe shi ba sai an bi ta DNG Converter ko manhajar Canon ɗin, duk kyauta ne.

Ka ce wani abokinka ya ce ka koma Sony. Yana da hujja. Sony ta daɗe da buɗe bakinta na E ga sauran kamfanoni, shi ya sa lensin Sigma da Tamron da Viltrox masu sauƙin kuɗi suka cika mata kasuwa, alhali Canon ta daɗe tana riƙe da RF, sai a 2024 Sigma da Tamron suka fara fito da nasu da izininta, su ma na ƙaramar sensa. Da ba ka da komai a hannu da na ce ka duba can. Amma kai kana da EF, ni ina da EF, yawancin waɗanda za ka ari lensi a wurinsu ranar da aiki ya haɗe EF ne da su, kuma tun da manya suke komawa RF, kyawawan lensin EF na hannu sai ƙara fitowa suke yi. Na Sigma da Tamron masu bakin EF ma galibi suna aiki ta adaftar, sai dai tsofaffi sosai ka gwada kafin ka biya.

Ga shawarata. In kuɗinka iya na R8 ne cif, babu rarar lensi, kada ka saye ta. Ka nemi R6 ta farko, ta 2020, ta hannu mai lafiya. Megafiksal 20 ce, amma babbar sensa ce, ramin memori biyu, maganin rawa a jikinta, batir babba irin na 5D ɗina, kuma tana sauke labule ta rufe sensa in an kashe ta. Kafin ka tara na 24-105 ɗinka, ka riƙa ɗaukar nawa ranar da ba ni da fita. In kuma ko nan kuɗin bai kai ba, R50 ba abin kunya ba ce, muddin ka san rariya ka saya ba ka yi kukan zubar ruwa ba: ka haɗa da adafta biyun, da batir biyu na ƙari, ka sa ran maye 18-55 da Sigma 17-50mm f/2.8. Ko wacce ka ɗauka, in za ka iya kada ka sayar da 700D. Abin da za a ba ka a kanta bai kai amfaninta ba ranar da sabuwar ta ƙi tashi.

Ranar da za ka je dubawa ka tafi da lensinka uku da filashinka da katinka. Ka ɗaura kowanne ka ji ya zauna daram. Ka ɗauki farin bango a f/16 ka zuƙo hoton ka nemi tabon ƙura ko ƙarzuwa a sensa. Ka sa yaron shagon ya tako zuwa gare ka kana harbi a f/1.8, ka duba idon a kowane hoto. Ka harba filashi sau da yawa a jere. In mai kaya ya hana ka gwaji, ka bar masa kayansa. Ka biyo ta shago kafin ka tafi ka karɓi adaftata, kada su ce maka tasu ta ƙare.