Filebon fanila na gida: me ya hana naka ƙamshi?

"Maigida, na jiƙa silin fanila (dogon kwanson 'ya'yanta) 3 a rabin litar gilisarin, yau wata biyu ƙamshin bai fito ba. Ga kuma wani fari-fari a kan silin da ya leƙo sama. A ina na kuskure?"

Yaro, fanilarka ta yi kaɗan, kuma ka yi gaggawa. Awon shi ne kimanin giram 100 a lita ɗaya, kamar yadda hukumar abinci ta Amurka ta gindaya wa masu sana'ar. Rabin litarka giram 50 take so, wajen sili 12 zuwa 15 ke nan. Ka riƙa ɗorawa a sikeli, ka daina ƙirge, don wani silin siriri ne, wani mai kauri.

A Turai da Amurka da barasa suke jiƙa ta, saboda tana saurin jawo ƙamshi. Mu ba ma saka wa masu sayen kek ɗinmu barasa, shi ya sa muka riƙe gilisarin, shi kuwa sai da haƙuri. Zallansa kauri gare shi kamar zuma, ba ya ratsa silin. Sirka shi: kashi 3 gilisarin, kashi 1 tafasasshen ruwa da ya huce. Kada ruwan ya zarce haka, in ya yi yawa haɗin lalacewa zai yi. Kuma ka nemi gilisarin na abinci, wanda aka yi da man tsirrai, ba na shafawa ba.

Tsaga kowane sili a tsaye da wuƙa, 'ya'yan nan baƙaƙe su bayyana, sannan ka gutsuttsura shi yadda duk zai nutse. Wannan nutsewar ita ce maganar fari-farin da ka gani. Duk abin da ya leƙo sama ya sha iska, fumfuna za ta iya kama shi. Duba da kyau: in yana ƙyalli kamar garin sukari, sinadarin ƙamshin ne ya daskare, ba matsala. In kuwa ya yi gashi-gashi kamar auduga yana warin danshi, zubar da haɗin gaba ɗaya, ka tafasa kwalbar, ta bushe ƙarau kafin ka sake. Na san kuɗi ne, don furen fanila ɗaya-ɗaya ake yi masa barbara da hannu a Madagaska da Yuganda, amma ba a ba mutane fumfuna.

Rufe kwalbar gam, ka ajiye a kabad mai duhu nesa da oben, kana girgizawa sau biyu a mako. Kada ka taɓa kafin wata 6. Sai launin ya koma kamar baƙin shayi, ƙamshin ya tarbe ka da buɗe murfi.

Wajen saye, ɗauki fanila mai daraja ta biyu, wadda ta ɗan bushe. Ta fi arha, kuma ita ta dace da jiƙo. Cokalin shayi 1 zuwa 2 na filebon ɗin ya ishi kwaɓin rabin kilon fulawa, amma ka fi ba shi muhimmanci a kirim da yogot, inda wuta ba za ta kore ƙamshin ba.