Ɓari uku a jere: me za a duba a mahaifa?

Tambaya: Likita, sau uku ina ɓari, duka a wata na uku, biyu an yi min wankin ciki. Wane gwaji zan nema? Daga wata mai karatu a Garwa.

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah Ya mayar da alheri. A fara da ekografi, wato hoton ciki na sikanin, amma ta farji, don na saman ciki kan tsallake ƙananan abubuwa. Zai nuna ƙari da siffar mahaifar.

Sai hoton da ake zuba ruwan rini ta bakin mahaifa a ɗauka da rediyo, wato X-ray. Ana yin sa bayan jinin al'ada ya ɗauke, kafin kwana na 10 daga ranar da jinin ya fara, lokacin da ba a zaton ciki. Idan akwai ciwon sanyi, a magance shi tukuna, kar ruwan ya tura ƙwayoyin cuta sama.

Tunda an yi miki wankin ciki sau biyu, ni na fi son histeroskopi: siririn bututu mai kyamara da ake zurawa cikin mahaifa, kaurinsa milimita 3 zuwa 5. Kankarar wankin kan sa bangon mahaifa ya manne, kuma da wannan na'urar ake ganin mannewar, ko shamakin da ya raba mahaifa biyu tun haihuwa, a yanke shi. A haɗa da gwajin suga da na maƙoƙo, wato gwajin jini na thyroid.